Bawul da Taransista: Lacca a Kan Sautin Amfilifaya a Cikin Gida

  



Mas'alar da aka ɗora mini in yi magana a kanta yau ta daɗe tana raba kan ma'abota sauraron faifai a Ingila da Amurka da Japan, har suka kasu kamar mazhabobi biyu, kowane sashe da hujjojinsa da mujallunsa da gwanayen da yake koyi da su: wato shin amfilifaya mai bawul ce ta fi daɗin sauti a cikin gida, ko kuwa mai taransista? Wani zai ga kamar wannan bai kai a tara jama'a dominsa ba. Amma duk wanda ya lura da yawan sa'o'in da muke shafewa muna sauraron karatun Alƙur'ani da wa'azi da labarai da waƙa ta cikin na'ura, ya kuma dubi irin dukiyar da magidanci kan kashe wajen kayan sauti ba tare da ya san haƙiƙanin abin da ya saya ba, zai yarda cewa kunne ma yana da hakki a kanmu, kuma abin da muke shigarwa cikinsa safe da yamma ya cancanci tahƙiƙi.

Aikin amfilifaya da asalin na'urorin biyu

Sautin da ke fitowa daga faifai ko kaset ko waya ɗan motsin lantarki ne mai rauni ƙwarai, wanda ba shi da ƙarfin da zai girgiza takardar lasifika. Aikin amfilifaya shi ne ta karɓi wannan ɗan motsi, ta ɗebo ƙarfi daga wutar gida, ta fitar da shi da girma bisa ainihin siffarsa ta farko. Malaman riwaya sun sharɗanta wa mai ruwaito magana ya kiyaye abin da ya ji, ya isar da shi ba ƙari ba ragi, ko da kuwa ƙarin zai sa maganar ta fi zaƙi a kunnen mai ji. To, da wannan ma'auni ne injiniyoyi suke auna amfilifaya, kuma duk wani ƙari ko ragi da ta yi wa sauti shi suke kira jirkita.

Bawul shi ne babba a shekaru. A 1904 wani malamin kimiyya na Ingila, John Ambrose Fleming, ya ƙago ƙwan gilashi da aka zuƙe iskar cikinsa, wanda ke barin lantarki ya bi ta fuska ɗaya kaɗai. A 1906 kuma Lee de Forest na Amurka ya ƙara masa wata 'yar ragar waya a tsakiya. Yadda abin yake aiki shi ne, ana gasa wani ƙarfe a cikin ƙwan har ya riƙa sakin ƙwayoyin lantarki, su keta sarari su faɗa kan wani faranti mai ɗauke da wuta mai ƙarfi, ita kuwa ragar da ke tsakani, da ɗan motsi kaɗan take rage kwararar nan ko ta ƙara ta. Dattawan da ke cikinmu za su tuna manyan akwatunan rediyo waɗanda in an murɗa su sai an jira su ɗauki zafi kafin murya ta fito. Gashin ƙarfen nan ne ake jira.

Taransista kuwa a watan Disamba na 1947 aka fara gwada ta a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, a hannun John Bardeen da Walter Brattain da William Shockley, waɗanda aka ba lambar Nobel saboda ita a 1956. Ba ta bukatar gashi, ba ta bukatar gilashi, domin a cikin ɗan guntun ma'adini lantarki yake bi, da farko jamaniyam, daga baya silikon. A 1954 rediyon aljihu na farko mai taransista, Regency TR-1, ya shiga kasuwa, kamfanonin Japan irin su Sony suka biyo baya. Kuma wannan ƙaramin rediyo mai aiki da batir shi ne ya kai labarin duniya rugage da ƙauyukan da wutar lantarki ba ta isa ba, a daidai zamanin da sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957. Saboda haka mu mutanen ƙasar nan taransista ta yi mana hidimar da ba za mu manta ba.

Sai dai kafin taransista ta balaga, bawul ya riga ya kai matuƙa wajen inganci. Tun 1927 Harold Black ya gano dabarar mayar da wani sashe na abin da amfilifaya ta fitar zuwa mashigarta, a juye, domin ta riƙa gyara kuskurenta da kanta. Da wannan dabara D. T. N. Williamson ya buga tsarin amfilifayarsa a mujallar Wireless World a 1947, mai ƙarfin wat 15, wadda jirkitarta ba ta wuce kashi ɗaya cikin dubu ba. Daga nan aka sami Quad II ta Peter Walker a 1953, da Dynaco ST-70 a 1959 mai wat 35 a kowane ɓangare, da McIntosh MC275 a 1961 mai wat 75. Waɗannan har yau ana nemansu, ana gyara su, ana sauraro da su. Da amfilifayoyin taransista na farko suka fito a shekarun 1960, da yawa daga cikinsu sun zo da wani aibi: taransista biyu ne suke raba aikin, ɗaya ta ɗauki rabin igiyar sauti na sama, ɗaya ta ɗauki na ƙasa, kuma a daidai wurin miƙa aikin sai a sami ɗan tsinkewa, wanda ya fi bayyana idan an rage murya, ya sa sauti ya yi kaushi. Masu kunne suka ji, suka ƙi, kuma suna da gaskiya. An daɗe da magance wannan aibi, amma sunan da taransista ta yi a wancan zamani ya bi ta har yau.

Dalilai uku na bambancin sauti

Masu son bawul sukan ce sautinsa yana da ɗumi da taushi da cika, na taransista kuwa busasshe ne mai sanyi. Ni ban ƙaryata kunnensu ba. Abin da nake so shi ne mu bi wannan shaida har mu kai ga sababinta, domin bambancin da kunne ya ji lalle ne ya kasance yana da asali a cikin wutar da ta isa lasifika.

Dalili na farko shi ne irin jirkitar da kowace take yi. Duk sautin da muka sani, na murya ko na goge ko na algaita, yana tafe da 'ya'yansa: idan uwar sautin tana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, akwai ɗa na biyu mai kaɗawa sau 880, da na uku mai 1,320, haka har sama, kuma yawan waɗannan 'ya'ya da ƙarfinsu shi ke bambanta muryar wani da ta wani. Amfilifayar da ta jirkita sauti 'ya'ya take ƙara masa waɗanda babu su a asali. Ɗa na biyu sautin uwar ne kansa a mataki na sama, yadda muryar mace take dacewa da ta namiji idan suna rera abu ɗaya, don haka kunne ba ya ƙyamarsa, yakan ma ji shi a matsayin kauri da cika. Na bakwai da na tara da waɗanda ke sama da su kuwa sun yi nisa da uwar, ba ta iya rufe su, kuma ba su jitu da ita ba, sai su fito da kaifi. Amfilifaya mai bawul guda ɗaya a mafita, irin mai amfani da bawul ɗin 300B na Western Electric wanda ya fito a 1938, jirkitarta tana da yawa a ma'auni, amma galibinta ɗa na biyu ne. Shi ya sa mutum zai ga adadi mai muni a takarda, ya kuma ji sauti mai daɗi a ɗaki. Amma a nan akwai abin da masu talla ba su cika faɗa ba: mafi yawan amfilifayoyin bawul, har da Quad II da ST-70 da MC275, bawul bibbiyu suke haɗawa, ɗaya na turawa ɗaya na ja, kuma wannan tsari da kansa yana soke yawancin ɗa na biyu. Haka nan kuma, jirkitar da ke haifar da ɗa mai daɗi ita ce dai ke cakuɗa sautuka idan sun taru da yawa, ta haifar da wasu da ba su dace da kowa ba; don haka na'urar da ta ƙawata muryar Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa tana iya dagula kiɗan da ya tara ganguna da 'yan amshi masu yawa.

Dalili na biyu shi ne halin kowace idan an matsa mata fiye da ƙarfinta. Kowace amfilifaya tana da iyaka, kuma bugun kalangu ko na tambari yakan nemi ƙarfi mai yawa na ɗan ƙiftawar ido. Bawul idan ya kusanci iyakarsa a hankali yake lanƙwasa kan igiyar sauti, mai sauraro ya ji kamar an ɗan danne ta. Taransista kuwa, musamman wadda aka ɗaure da dabarar Black sosai, tana tafiya daidai har bakin iyaka, sa'an nan ta yanke kan igiyar ƙaf, yankan kuma ya haifar da 'ya'yan nan masu kaifi, waɗanda har suna iya ƙona ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti. Wani injiniya, Russell Hamm, ya buga bincike a kan wannan a 1973, kuma har yau masu son bawul suna kafa hujja da shi. Sai dai ya kamata a sani cewa bincikensa a kan na'urorin ɗakin ɗaukar sauti ne waɗanda aka ɗora wa fiye da ƙima. Wannan dalili ne ya sa makaɗan jita na Turai da Amurka ba su rabu da bawul ba, domin su da gangan suke neman jirkitar, ta zama wani sashe na kiɗansu. Mai sauraro a gida kuwa yana da mafita mai sauƙi, wato ya sayi amfilifayar da ƙarfinta ya ishi lasifikarsa da ɗakinsa, yadda ba za ta kai iyaka ba.

Dalili na uku shi ne wanda aka fi mantawa, alhali a ganina ya fi sauran tasiri. Bawul yana aiki da wuta mai tsanani, bolt 300 zuwa 500, amma kwarararta kaɗan ce, lasifika kuwa akasin haka take so. Saboda haka sai an sa taransfoma mai nauyi a tsakaninsu, kuma ingancin wannan taransfoma shi ke iyakance zurfin sautin ƙasa da tsabtar na sama. Bayan wannan, ita kanta amfilifayar tana da wata tirjiya a mafitarta, wadda ake aunawa da om. A taransista ta zamani wannan tirjiya ba ta cika kai kashi ɗaya cikin goma na om ba. A bawul kuwa takan kai om 1 ko 2 ko fiye. Lasifikar da aka rubuta wa om 8, a haƙiƙa tirjiyarta hawa da sauka take yi gwargwadon sautin da ke bi ta cikinta, ta faɗi zuwa om 4 a wani wuri, ta haura om 30 a wani. Mu yi lissafi: idan tirjiyar amfilifaya om 2 ce, a wurin om 4 kashi biyu cikin uku na wutar ne zai isa lasifika, a wurin om 30 kuwa kusan kashi 94 cikin 100, tazarar da ke tsakani ta kai kimanin desibel 3 a ma'aunin ƙara, wanda kowane kunne mai lafiya zai ji. Idan kuwa tirjiyar kashi ɗaya cikin ashirin na om ce, tazarar ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na desibel ba. Ma'ana, amfilifayar bawul tana sake wa sauti awo, ta ɗaga wani sashe ta sauke wani, gwargwadon lasifikar da aka haɗa ta da ita. Kuma da yake lasifika ta fi tirjiya a wajen sautin ƙasa, nan ne kaurin da ake yabo yake fitowa, tare da ɗan sakin linzami, domin takardar lasifika takan ci gaba da rawa kaɗan bayan an buga ganga. Wannan ne ya sa mutum biyu za su sayi amfilifaya iri ɗaya, ɗaya ya yaba, ɗaya ya kushe, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa.

Shaidar kunne da sharuɗɗanta

Kunne shaida ne, amma shaidar da ido da zuciya suke iya rinjaya. Wanda ya ga bawul yana haske ja a cikin duhun ɗaki, ya kuma san kuɗin da aka biya, zuciyarsa ta riga ta yanke hukunci kafin faifai ya fara juyawa. Ƙari a kan haka, an tabbatar cewa idan ɗayan na'urori biyu ta ɗara 'yar'uwarta ƙara da ɗan abin da bai kai a lura da shi ba, mai sauraro yakan ce ta fi tsabta da armashi, ba tare da ya gane cewa ƙara ce kawai ta ɗaɗu ba. Don haka masu bincike suka sharɗanta abu biyu: a daidaita ƙarar na'urorin da ma'auni, kuma a ɓoye wa mai sauraro wadda take aiki.

Gwaji biyu sun shahara a wannan babi. A 1985 wani maƙerin amfilifaya na Amurka, Bob Carver, ya yi wa editocin mujallar Stereophile alkawarin zai sa amfilifayarsa ta taransista mai sauƙin kuɗi ta yi sauti daidai da duk wadda suka zaɓa. Suka zaɓi wata mai bawul mai tsada ƙwarai. Shi kuwa ya riƙa gwama abin da biyun suke fitarwa, yana gyara tasa har bambancin ya kusan ɓacewa, kuma cikin 'yan kwanaki editocin suka amsa cewa sun kasa rarrabe su. A 1987 kuma mujallar Stereo Review ta buga sakamakon wani gwaji na ɓoye da David Clark ya shirya, inda aka jera amfilifayoyi masu arha da masu tsada, har da mai bawul, masu sauraro kuma suka kasa rarrabe su rarrabewar da za a dogara da ita. An yi ta muhawara a kan waɗannan gwaje-gwaje, kuma ba su nuna cewa duk amfilifayoyi ɗaya suke ba; abin da suka nuna shi ne, sautin da ake jingina wa bawul siffa ce ta wutar da ke fita, ana iya auna ta, ana iya kwaikwayonta, kuma idan aka kawar da dalilai ukun nan bambancin yakan ƙanƙance ƙwarai.

Abin da ya shafi mai saye a ƙasarmu

Wanda ke zaune a Kano ko Maradi yana da wasu lamurra da marubutan mujallun Ingila ba su fama da su. Bawul ɗin da ake kira EL34 guda ɗaya yana cin kusan wat 10 wajen gashi kaɗai, guda huɗu kusan wat 40, kuma amfilifaya irin ST-70 tana shan fiye da wat 100 ko da ba a sa mata komai ba, duk ya koma zafi a cikin ɗaki. Ku auna wannan da watan bazara, da gidan da ke dogara da batir da hasken rana. Wutar da ke hawa da sauka tana gajarta ran bawul, ƙurar hunturu tana taruwa a kan na'ura mai zafi, manyan bawul kuma bayan 'yan dubban sa'o'i sai an sauya su, alhali masana'antun da suka rage suna yin su kaɗan ne, a Rasha da Sulobakiya da Sin da Amurka. Taransista ta zamani irin da ake kira aji D kuwa tana isar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ta sha ga lasifika. Akwai kuma gargaɗi biyu da ya wajaba in isar: kada a kunna amfilifayar bawul ba tare da an haɗa mata lasifika ba, domin taransfomarta tana iya lalacewa, kuma kada wanda ba gwani ba ya buɗe cikinta, domin wuta mai kisa takan saura a ciki bayan an kashe ta.

Game da ƙarfi kuma, kada yawan wat ya ruɗe ku. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, kuma sai an ninka shi sau goma kafin kunne ya ji ƙara ta ninku biyu. Lasifikar da ke ba da desibel 95 da wat ɗaya, wat 8 na 300B ya ishe ta cika ɗaki. Wadda ke ba da 85 kuwa sai ta sami wat 80 kafin ta kai nan. Saboda haka lasifika ake fara zaɓa, sa'an nan a nemo mata amfilifayar da ta dace da ita.

Hukuncin da na tsaya a kai

Iyakar abin da na fahimta a wannan mas'ala shi ne, ta fuskar riƙon amanar sauti, taransista mai kyau ta zamani ta fi, ga arha, ga juriya, ga ƙarancin cin wuta. Ta fuskar zaƙi kuwa, bawul yana da wani ado da yake yi wa murya da kayan tsirkiya, ado na gaske wanda kunne yake ji, kuma babu laifi ga wanda ya so shi ya biya kuɗinsa, muddin ya san cewa ƙari ne ya saya. Abin da nake ƙi shi ne a sayar wa mutum da ado da sunan amana, ko a raina wanda ya zaɓi na'ura mai sauƙi a ce ba shi da kunne.

Don haka ina roƙonku, 'yan'uwa, duk wanda zai sayi kayan sauti ya tafi da abin da kunnensa ya sani sarai: karatun Shaihu Mahmud Khalil al-Husari, ya saurara ko sinun da sadun sun rarrabu, ko gunna ta fito da tsabta, da waƙar Alhaji Mamman Shata, ya ji ko kalangu yana tsayawa inda makaɗi ya tsayar da shi. Ya daidaita ƙara, ya juya baya, ya sa wani ya riƙa sauya masa na'urorin, ya maimaita har zuciyarsa ta natsu. Mafi yawan kuɗinsa ya sa a lasifika da gyaran ɗaki, da shimfiɗa da labule da wurin ajiye lasifikar, domin tasirin waɗannan ya fi na amfilifaya nesa ba kusa ba. Kuma ya tausaya wa jinsa da na iyalinsa da maƙwabtansa, ya rage ƙara, domin jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa, kuma ni'ima ce da za a tambaye mu a kanta.

Allah Ya sa mu amfana da abin da muka ji.